Mai Wasa Wuƙa a Kan Kufena

Shekara talatin da ɗaya ina wasa wuƙa
a bakin kasuwar Tudun Wada,
ƙafa kan feda, ido kan tartsatsi.
Kafin mutum ya buɗe baki
na san abin da ya kawo shi.
Mahauci da farce yake gwada kaifi, ya biya, ya wuce.
Amma akwai mai cewa ƙara, ƙara dai,
yana waiwayen ko maƙwabcinsa na kallo.
Wannan ba nama ne ke jiransa a gida ba.

Ranar Asabar Hajjo ta ja ni Kufena,
'yar ƙanena da ke karatun kimiyya a Samaru.
Gwiwata na kuka, ita tana dariya.
Da muka kai sama ta miƙa yatsa
ta zagaye gari kamar mai shata fegi.
"Baffa, daga Ƙofar Doka har Kwangila,
ƙiftawar ido ɗaya.
Ba a samun zarafin salati.
Kubanni sai ta tashi sama ta zama tururi."

Ta nuna mini hoto a waya:
matakalar dutse, da inuwar wani a zaune.
Inuwar ta tsaya.
Mai ita ne babu.

Na ce me suka yi?
Ta ce yaƙi ake yi, kuma kowa hannunsa da jini.
Masu jefawa sun ce don a taƙaita ne,
a kashe gari biyu, samari su koma gida.
Wasu sun ce abokin faɗan ya riga ya durƙusa,
kunya kawai ta hana shi faɗi.
Akwai kuma na uku a gefe,
abokin tafiya da rana, abin tsoro da dare,
shi ake so ya ga hasken.

Na ce tsaya nan, wannan na gane shi.
An bar jaki an daki taiki.
Gani ga wane, in ji mutane, ya ishi wane,
sai dai ba tsoron Allah ake koyarwa ba,
tsoron mai sandar ne.

Ta ce ga kuɗin da aka narkar a ɓoye,
dole a nuna wa masu haraji inda ya shiga.
Na ce wannan ma na sani.
Wanda ya sayi sabuwar wuƙa da tsada
ko igiyar shanya ya gani sai ya gwada.

Har ƙarfen, ta ce, mafi yawansa daga Kwango aka haƙo.
Na ce Kongon nan tamu ta bayan asibiti?
Ta yi dariya har ta riƙe ciki,
sannan ta daina.
Masu haƙar ba a gaya musu ba.

Yanzu masu shi sun kafa doka: kada kowa ya ƙera.
Mai dokar barci, ga shi yana gyangyaɗi
da ashana a hannu, a kan buhun auduga.
Shi kuma marar shi ya duba ya ga
wa ake shiga gidansa da takalmi,
wa ake yi wa sallama daga zaure.

Muka sauko ana kiran la'asar a Wusasa.
Wata mata na shanya barkono a kan fa,
ja wur, tana korar awaki.
Ban iya kallonta sosai ba,
inuwarta nake ta dubawa.

Litinin Barau ya kawo adda.
Ba shi da gona, na sani,
rigimar katanga ce tsakaninsa da Jatau.
Ya ce ba sara zai yi ba, a dai gani.
Na riƙe ta, na juya ta.
Hajjo na bin kuɗin makaranta.

Na taka feda.

Da yamma Jatau ya zo da tasa.